Kafin a Damƙa Maka Amanar Mutane



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya tara mu a nan cikin lafiya, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Malamanmu, Allah Ya gafarta maku. Iyayenmu maza da mata da suka baro aikin gandari suka zo, Allah Ya saka da alheri. Baƙinmu na Maradi da na Tsibiri, sannunku da hanya. Ku kuma ƙannena, samari da ƴan mata na wannan ƙungiya, yau da ku nake, don haka na baya ku matso.

Shugabannin ƙungiya sun ce in yi magana kan karatu mai zurfi. Na ce masu wannan ya fi ƙarfin zama guda, sai dai in ɗauki yanki. Yankin da na ɗauka shi ne wata ƙofa da ke tsakiyar karatu, wadda ɗalibai da yawa ba su san da ita ba sai ranar da suka iske ta a gabansu.

Kun san tambayar da ake yi a gidajenmu. Yaro ya samu bak, ya tafi Yamai, ya yi shekara uku, ya yi huɗu, ya zo hutu. Tsohuwa ta dube shi ta ce, "Wai kai yaushe za ka ƙare lakwal ɗin nan? Sa'anninka duk sun aje iyali." Shi kuma ya sosa ƙeya ya ce, "Inna, na ƙare shiga aji, amma da saura." Tsohuwa ba ta gane ba, kuma da gaskiyarta, don ba wanda ya taɓa yi mata bayani. Abin da yaron ke nufi shi ne ya iso inda jami'a ke tsayar da ɗalibi ta dube shi da kyau, ta yanke ko ya isa a sake shi ya yi bincike da kansa, ya zauna da mutane na gaske, ko kuwa ya ƙara jira. A Amurka wannan mataki yana da suna: wanda ya wuce shi ana cewa ya zama ɗan takarar digiri. Mu nan kalmar kandida mun san ta tun daga birbe da bak. To kusan ita ce, sai dai wannan kandidan ba biyan kuɗin rajista ke ba da shi ba, malamai ne ke zama su tabbatar.

Zan kafa misali da ilimin halayyar ɗan Adam, wanda a jami'a ake ce wa pisikoloji, musamman reshensa na ba da shawara. Da an ambaci sunan nan sai wani ya ce, "Af, karatun mahaukata." A'a. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, shi cikakken likita ne, yana rubuta magani. Irinsu ne ke aiki a sashen da ake kira Pabiyon E a babban asibitin ƙasa na Yamai. Mai ba da shawara ba ya rubuta magani. Mutanensa su ne waɗanda kuke gani kullum suna tafiya da ƙafafunsu, suna gaisawa, har da dariya, alhali ciki na cin wuta. Yarinyar da aka saki tana da goyo. Yaron da ya faɗi bak sau biyu ya daina fita. Magidancin da bashin taki ya hana shi barci. Saurayin da ya fara shan tramol don ya jure aikin kabu-kabu, ya wayi gari ba ya iya tashi sai da shi. Ku haɗa da ƴan'uwanmu da suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato da Katsina tun 2019, aka zaunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, mutanen da suka ga abin da bai kamata ido ya gani ba.

A matsayin sana'a, aikin bai daɗe ƙwarai ba. A 1908 wani mai suna Frank Parsons ya buɗe ofis a birnin Boston don taimaka wa matasa su zaɓi aikin da ya dace da su. Bayansa Carl Rogers ya zo, ya yi littafi a 1942 da wani a 1951, ya karkatar da sana'ar gaba ɗaya wajen sauraro. Ra'ayinsa shi ne mai matsala ya fi kowa sanin inda ke yi masa ciwo, kuma zai fi samun mafita in ya zauna da wanda ba ya yi masa fuska biyu, ba ya ƙyamarsa, kuma yana ƙoƙarin ganin lamarin ta inda shi yake ganinsa. Ba duk abin da Rogers ya faɗa nake ɗauka ba, amma wannan kam ya yi gaskiya.

Yanzu tsanin karatun. Jami'o'inmu suna bin tsarin da ake kira LMD: lisans, mastar, doktora. Lisans shekara 3 ce, kiredi 180. Mastar shekara 2, kiredi 120. Doktora aƙalla shekara 3. Tsarin ya samo asali daga yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka sa wa hannu a Bolonya ta Italiya a 1999, kuma ƙasashen UEMOA suka amince da shi a 2007. Hukumar CAMES, mai tantance malaman jami'a da takardun digiri a ƙasashenmu masu aiki da Faransanci, a Yamai aka yanke kafa ta a 1968, ko da yake mazauninta yana Wagadugu. Jami'ar Abdu Mumuni, wadda ta faro a 1971, tana da sashen pisikoloji a tsangayar adabi da ilimin ɗan Adam. Wanda ya iya Ingilishi kuma, jami'o'in Bayero a Kano, Ahmadu Bello a Zariya da Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna koyar da jagoranci da ba da shawara a ƙarƙashin tsangayar ilimi. Sai dai kafin ka tsallaka iyaka, bincika ko takardar da za ka dawo da ita za ta karɓu a nan gida. Wannan tambaya ana yin ta kafin tafiya.

Ina ƙofar take a wannan tsani? A wajenmu wuri biyu ne: tsakanin shekarar farko ta mastar da ta biyu, sannan wajen shiga makarantar doktora. Abin da ake nema kusan ɗaya ne ko'ina. Ka cika kiredinka, kuma sau da yawa maki 10 cikin 20 ba ya isa, ana duba wanda ya kai 12 ko ya wuce. Ka kawo rubutaccen shirin bincike. Ka samu malamin da ya yarda ya kula da aikinka, a doktora kuma sai mai babban muƙami ne ke da wannan izini. A Amurka suna ƙarawa da wata babbar jarrabawa da ke tattara duk abin da aka karanta, a rubuce da kuma baki da baki, sannan ɗalibi ya tsaya gaban kwamiti ya kare shirinsa. Kowace jami'a da nata sharuɗɗan. Ku nemi na taku a rubuce ku karanta, kada ku dogara da "an ce" na ƴan fada.

Mu Musulmin ƙasar Hausa bai kamata wannan ya zama mana baƙo ba. Yaro ya shiga makarantar allo yana kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi. Gardi na iya tilawa dare guda ba tuntuɓe, amma ba a ce masa alaramma sai ya haddace, ya rubuta Alƙur'ani da ka, masana sun bi rubutun sun duba. A karatun zaure ma haka, ba ka buɗe naka zauren sai malaminka ya ba ka izini. Ko yaron tela, ai yakan daɗe yana sa maɓalli da guga kafin maigida ya miƙa masa almakashi a kan shaddar mutane, don abin da aka yanka ba ya komawa.

To a karatun ba da shawara, shaddar nan zuciyar mutum ce. Shi ya sa a wannan fanni maki kaɗai ba ya buɗe ƙofa. Ana duba rahoton waɗanda suka kula da kai a wurin sitaj, wato koyon aiki a asibiti ko makaranta ko wata cibiya. A Faransa, tun dokar 1985 ba kowa ke kiran kansa masanin pisikoloji ba, sai mai lisans da mastar a fannin, kuma ana neman sitaj na aƙalla awa 500. A Amurka, makarantun ba da shawara da aka tantance suna neman awa 100 na gwaji, sannan awa 600 na koyon aiki, duk a ƙarƙashin idon wani ƙwararre. Ga abin da idon nan ke nema.

Na farko, ko ka iya rufe bakinka. Yadda ake yi, ɗalibi ya zauna da mai matsala, da izininsa, bayan an tashi ya rubuta abin da aka faɗa, ya kai wa mai kula da shi, su bi shi layi-layi. A ce mace ta zo, wata biyu da haihuwa, ta sunkuyar da kai ta ce, "Tun da na haihu ba na jin ɗaukar yaron nan, in ya yi kuka sai in ji kamar in gudu." Ɗalibinmu, ɗan ƙungiya, mai son alheri, nan take ya ce, "Subhanallahi! Ki gode wa Allah, wasu nema suke ba su samu ba. Ki yi haƙuri." Ko kalma ɗaya bai faɗi ta ƙarya ba. Amma mai kula da shi zai sa yatsa a kan layin nan ya tambaye shi: bayan ka faɗi haka, mi ta ce? Amsar ita ce ba ta ƙara cewa komai ba, ta yi godiya ta tafi, kuma ba za ta dawo ba. Ta zo da kunya, ta koma da kunya biyu. Wanda ya samu horo zai tambaye ta tun yaushe abin ya fara, ko tana samun barci, ko tana cin abinci, wa ke taya ta aiki, ko tunanin cutar da kanta ko yaron ya taɓa zo mata. Domin wannan ciwo ne sananne mai zuwa bayan haihuwa, kuma yana warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na fama da irin wannan damuwa bayan ta haihu. Ku lissafa sunayen da muke halarta a garin nan cikin wata guda.

Ƙannena, a nan zan ɗan taɓa mu, mu ƴan ƙungiyoyin addini. Bakinmu yana da saurin nasiha. An horar da mu a kan mu faɗa, mu tunatar, mu kawo hujja, kuma wannan alheri ne a wurinsa. Amma "yi haƙuri" kala biyu ne. Akwai wanda ake faɗa bayan an saurari mutum har ya sauke kayansa, shi wannan magani ne. Akwai kuma wanda ake faɗa tun mutum bai kai rabin maganarsa ba, ma'anarsa a ɓoye ita ce "ya isa, ba na son ji." Mai matsala yana bambance su sarai, ko da bai nuna ba. Ɗalibi kan yi watanni kafin ya koyi jure shirun minti guda ba tare da ya cike shi da wa'azi ba.

Na biyu, sirri. A babban birni mai ba da shawara na iya rabuwa da wanda ya zo wurinsa ba su sake haɗuwa ba. A Jiratawa kuwa za ku haɗu a masallaci, ku haɗu a bakin foraj, wataƙila ma matarka da matarsa ƴan gida ɗaya ne. Canza suna ba ya wadatarwa. In ka ce "wata bazawara mai sayar da zogale a bakin hanya," ai ka gama faɗin ko wace ce. Kuma shaiɗan ba ya zuwa da sunan gulma, yakan zo da sunan "don a ɗauki darasi," ko "don a taya ta da addu'a." Ana zaune a fada ana jiran shayi na biyu, hira ta yi daɗi, kai kuma kana da labarin da ya fi na kowa. Nan ake gane wanda ya cancanta. Sirrin yana da iyaka, kuma ana gaya wa mutum iyakar tun zaman farko: in rai na cikin haɗari, nasa ko na wani, ko ana cutar da yaro, dole a sanar da wanda zai iya karewa. Ban da wannan, ko maigidanta ne ya zo ya ce mi ta gaya maka, sai da yardarta.

Na uku, sanin inda ƙarfinka ya tsaya. Wanda ke jin muryoyin da ba kowa, wanda ke faɗuwa yana shure-shure, wanda ya yi kwanaki ba ci ba barci, wurin likita za a kai shi, yau ba gobe ba. Wani lokaci ma kasalar da ake zaton damuwa ce, ƙarancin jini ne. Haka kuma ba ka zama mai ba da shawara ga ƙanwarka ko surukinka, don ba za ka iya tsayawa tsakiya ba. Kuma samari, ku ji wannan da kyau: yarinyar da ta zo maka da kukanta, ta buɗe maka rauninta, ba ka juyawa ka fara nemanta. A ƙa'idojin wannan sana'a ana korar mutum a kan haka, kuma sun yi daidai.

Mu dawo kan shirin bincike, don a nan ne mafi yawa ke daɗewa. Takarda ce da ke faɗin tambayar da kake son amsawa, abin da wasu suka riga suka rubuta a kanta, su wa za ka tambaya, mutum nawa, ta wace hanya, cikin wata nawa, da kuɗin wa. Cutar ɗalibi ita ce haɗama. Zai rubuta "Matsalolin matasan Nijar," kamar mai son shayar da gandari duka da buta. Malami zai mayar masa. Amma in ya ce zai zauna da samari ashirin na komin ɗin Jiratawa da suka daina tramol, ya gano mi ya riƙe su ba su koma ba, wannan tambaya ce da ake iya gamawa cikin shekara, kuma amsarta za ta yi wa wani uba amfani.

Sai kuma maganar harshe, wadda a ganina ita ce babbar dama gare ku. Za ku yi karatun da Faransanci, amma wadda za ta zauna gabanku da Hausa za ta yi kuka. Takardun awon damuwa da ake amfani da su, yawancinsu a Turai da Amurka aka tsara su. Mu kuwa muna da baƙin ciki, muna da ɓacin rai, da takaici, da ƙuncin zuciya, da zullumi, da faɗuwar gaba, da waswasi, kuma ba ɗaya suke ba. Takaici na wanda aka zalunta ne ba ya da yadda zai yi. Zullumi na abin da bai zo ba ne. Mutuminmu ma ba kasafai zai ce yana baƙin ciki ba, kunya da dangana ba za su bar shi ba. Zai ce kansa na zafi, ko jikinsa ya mutu, ko tunani ya yi masa yawa. A Zimbabwe, masu harshen Shona suna da kalmar kufungisisa, ma'anarta yawan tunani, kuma a kanta likita Dixon Chibanda ya gina aikinsa a Harare. Ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna sauraron mutane, zama shida. Gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da tsofaffin nan sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Ɗalibin da zai zauna ya tantance kalmomin Hausar Maradi na ciwon rai, ya gwada su, ya nuna wacce ke nuna haɗari, wallahi ya yi aikin da Bafaranshe ba zai iya yi mana ba. Ƙa'idar fassara kuma sananniya ce: wani ya juya takardar zuwa Hausa, wani daban da bai ga asalin ba ya mayar da ita Faransanci, a gwama a ga inda ma'ana ta zube.

Kafin ka tambayi ko mutum ɗaya, shirin zai bi ta hannun masu duba haƙƙin waɗanda za a yi bincike a kansu. Kowa sai an yi masa bayani da harshen da yake ji, ya yarda da kansa, kuma ya san yana iya cewa ya fasa ba abin da zai same shi. Ɗalibai na ganin wannan jan rai ne. Ku tuna Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200. An shafe shekaru ana shari'a kan ko iyayen sun san abin da ake yi, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano. Har yau akwai masu gudun allura saboda wannan labari. In amana ta karye a wuri guda, waɗanda ba su ji ba su gani ba su ma suna biya.

Na san akwai tambayar da wasunku ke riƙe da ita: Malam, wannan karatu bai taɓa aƙida ba? Tambaya ce mai kyau. Gaskiya ne za ku karanta Freud, wanda ya ɗauki addini a matsayin ruɗin da mutum ke lallashin kansa da shi. Za ku karanta shi ku ci jarrabawa, ba dole ku bi shi ba, kuma fannin kansa ya wuce shi da nisa. Wani masani ɗan Sudan, Malik Badri, wanda ya rasu a 2021, ya yi littafi tun 1979 kan tsaka mai wuyar da Musulmi masu wannan karatu ke shiga, yana gargaɗi kada a kwaso komai ba tacewa. Shi ne kuma ya fassara wa masu Ingilishi aikin Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934 ta Miladiyya. A littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus, al-Balkhi ya yi bayani kan tsoro da fushi da baƙin ciki da waswasi, ya raba baƙin cikin da ke da sanadi bayyananne, kamar rashi, da wanda ke sauko wa mutum ba dalilin da ake gani, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki kuma yana bukatar magani. Ya ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake aje magani a ɗaka kafin ciwo ya zo. Sama da shekara dubu ke nan.

Don haka masu cewa duk mai damuwa imaninsa ne ya yi rauni, su yi hattara da bakinsu. Annabi Yakubu, Allah Ya ƙara masa aminci, baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai har ya taɓa idanunsa. A tarihin Manzon Allah akwai shekarar da ake kira shekarar baƙin ciki, wadda Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu a cikinta. Addu'a da ruƙiya ta shari'a ba sa hana zuwa asibiti, asibiti ma ba ya hana su. A Abekuta, tun 1954, likita Adeoye Lambo ya riƙa saukar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya, kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne ɗaure mara lafiya da mari, ko dukansa da sunan fitar da iska.

Ba kowa ke wuce ƙofar nan a karon farko ba. Ana mayar da shiri a ce a gyara, ana cewa a ƙara wata shida na sitaj. Ba abin kunya ba ne, kuma malamin da ya cika takardarka da jan biro ya fi maka wanda ya sa hannu bai karanta ba. Abin tsoro yana bayan an wuce. Aji ya ƙare, ba mai kiran suna, ba ranar jarrabawa, sai kai da takarda. Amurkawa har laƙabi suke da shi ga wanda ya gama komai ban da kundin. A wajenmu abin da ke cinye mutane a nan sananne ne: burs ya yanke, an samu ɗan aiki a wani poroje an ce bari a tara kuɗi tukuna, ko aure ya zo, musamman ga ƴan mata. Iyaye, in za a yi auren, a sa maganar ƙarasa memuwar a cikin abin da aka yi alkawari tun wurin baiko, a gaban shaidu. Muna bukatar mata a wannan aiki fiye da maza, don akwai maganar da mace ba za ta taɓa gaya wa namiji ba ko da zai shekara yana sauraro.

Ku da za ku shiga, ku zaɓi malamin da ke da lokacin karanta aikinku, ko da sunansa bai kai na wani ba. Ku tambayi ɗaliban da suka gabace ku wa ke mayar da takarda da wuri. Ku rubuta ko shafi ɗaya ne bayan sallar asuba, kullum. Ku koyi karanta Ingilishi, don yawancin sabon bincike da shi ake fitar da shi. Kada ku kwafo aikin wani daga intanet ku sa sunanku: sata ce, kuma yanzu akwai manhajar da ke kamawa.

Ga ƙungiya kuma ina da roƙo biyu. Daga nan zuwa Yamai ya wuce kilomita 600, kuma ɗalibi mai bincike a gida sai ya yi ta kai da kawo wurin malaminsa. In aka buɗe ɗan asusu, kowa ya riƙa sa ko dala ashirin ce a wata, kuɗin mota da na buga takardu ba za su tsayar da yaronmu ba. Na biyu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorar agajin farko ga wanda ya shiga tashin hankali tun 2011, kuma ba sai mai digiri ke koyonta ba: a duba halin da mutum ke ciki, a saurare shi, a haɗa shi da inda zai samu taimako. Ƴan agajinmu sun iya ɗaure rauni da ɗaukar mara lafiya. A nemi wanda ya ƙware daga Maradi ya zo ya koya masu wannan ma, maza daban mata daban, a kuma rubuta sunayen asibitocin da za a iya tura mutum a manna a ofishin ƙungiya.

Na ga ladan ya miƙe. Masu tambaya kan takardun shiga mastar su same ni bayan salla, da abin rubutu.